Ranar da Aka Gyara wa Baba Tela Ɗaki

Idon Baba Tela ba rana ɗaya ya tafi ba. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana ɗinki a bakin titi, sannan ya fara kasa ganin kafar allura, daga baya ya koma ba ya gane mai kawo ɗinki sai ya yi magana. A lokacin da wannan abu ya faru, abin da ya rage masa shi ne ya bambance hasken ƙofa da duhun bango. Ga hawan jini, ga ciwon gwiwa. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Ya ɗaya gare shi, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci, tana aure a can ƙarshen gari, sai an shiga mota biyu kafin a kai. Shi kuwa yana zaune a ɗakinsa na haya, ɗaki guda da ɗan kicin, banɗaki kuma a ƙarshen baranda.

'Yar ta sha roƙonsa ya koma wurinta. Gidanta a hawa na uku yake, ga yara biyar, ga miji mai kirki wanda bai taɓa cewa a'a ba. Baba Tela ya taɓa zuwa ya yi mako biyu, ya dawo ya ce ba zai ƙara ba. A can, in ya yunƙura zai tashi sai a ce ya zauna a kawo masa. Ruwan sha ma miƙo masa ake yi. Sauka ƙasa kuwa sai an sami mai riƙe shi, saboda haka yini yake yi a kujera guda kamar kayan da aka ba da ajiya. A ɗakinsa kuwa yakan zauna bakin ƙofa ya ji wucewar mutane, maƙwabta su kawo masa riga ya ɗinka musu maɓalli da lalube, ya haɗa musu da faɗa a kan ba sa kula da kayansu. Tsohon da yake da wanda zai yi wa faɗa bai gama rayuwa ba.

Abin da ya sa zaman ya yiwu shi ne wani ofis da ke tura ma'aikata gidajen tsofaffi marasa hali, kyauta, domin su ci gaba da zama inda suka saba. Wadda aka turo masa mace ce gajeriya da ta ba arba'in baya, kullum da jaka a kafaɗa, a ciki akwai na'urar awon jini da safar hannu da sabulu. Ranar da ta fara zuwa ya tambaye ta wa ya aiko ta, ta ce ofis. Ya ce to ashe hukuma ce ta shigo masa ɗaki. Tun daga ranar sunanta ya zama Hukuma, har maƙwabta da shi suke gaishe ta.

Litinin da Laraba da Juma'a take zuwa, awa biyu-biyu. Takan auna masa jini, ta yi masa wanki da cefane, ta yanke masa farce. Wannan kowace ma'aikaciya za ta iya. Inda ta bambanta shi ne abin da take ƙin yi. Duk abin da tsohon zai iya da hannunsa, ba ta taɓa masa. In zai haɗa shayi sai ta tsaya a bakin kicin ta mai da hannuwa baya, ko da zai yi minti goma yana neman cokali. In ya yi mita ya ce mai gadi aka turo masa ba mai aiki ba, sai ta ce ranar Talata ba ta nan, kuma ranar Talata ma ana shan shayi.

A cikin shekara guda, su biyun suka tsara ɗakin bisa hannun tsohon, ba bisa idon kowa ba. Keken ɗinkinsa, wanda ya daɗe da daina aiki, suka ajiye kusa da gado, in ya tashi ya dafa shi ya san inda ya dosa. Daga keke taku uku ne zuwa ƙofar kicin. Gwangwanin sukari an naɗe shi da tsohuwar roba, na gishiri ba a naɗa masa komai ba, na ganyen shayi murfinsa a lotse yake. Ashana tana cikin wani kofi marar hannu. An ja igiya daga ƙusar bakin ƙofa har banɗaki, daidai ƙugunsa. Kwalaben magani kuwa shi da kansa ya ɗaura musu zare a wuya: ƙulli ɗaya na safe, biyu na yamma, uku na gwiwa in ta matsa masa. Kafin Hukuma ta tafi takan zura masa zare a allura goma, ta soke su a wani tsumma da ke rataye jikin keke. In tana shara ta ɗaga abu, inda ta ɗauke shi nan take mai da shi, ba gefensa ba.

Wanda ya shiga ɗakin da lafiyayyen ido, tarkace zai gani. 'Yar ma tarkacen take gani. Sau biyu ta taɓa haɗuwa da Hukuma, kuma duka biyun ta tarar da mahaifinta yana fama da tukunya, matar tana tsaye hannu a baya. Ta koma gida ta gaya wa mijinta an haɗa Baba da malalaciya. Hukuma ta so ta yi mata bayani, ta ga babu fuska, ta bar zancen.

Dokar ofishin ita ce duk bayan wata shida a turo jami'i ya duba. Zai ga ko tsoho yana iya ɗora ruwa a wuta, ya je banɗaki shi kaɗai, ya sha maganinsa daidai. In yana iyawa, a ci gaba da turo ma'aikaciya. In ba ya iyawa, to zuwa sau uku a mako bai ishe shi ba ke nan, sai a janye ta, a rubuta a mai da shi wurin dangi ko gidan kula da tsofaffi. Dokar ba ta mugunta ba ce. An yi ta ne don kada a buɗe ƙofa wata safiya a tarar da mutum a ƙasa tun shekaranjiya. Amma ga Baba Tela ma'anarta ɗaya ce, wato hawa na uku.

Aka sa ranar Litinin. 'Yar ta ji labari ranar Asabar. Ranar Lahadi da hantsi sai ga ta da tsintsiya da bokiti da kaya a leda. Ta ce ba za a zo daga ofis a ga ɗakin ubanta kamar juji ba, a tafi ana cewa ba shi da kowa. Ta fitar masa da kujera baranda saboda ƙura, ta ci ɗamara ta shiga aiki.

Kada wani ya ce mugunta ce ta kawo ta. Aiki ta yi na gaske, da guminta, har la'asar. Ta ja keken ta kai shi kusurwa, ta rufe shi da sabon yadi. Ta jawo tebur tsakiyar ɗaki ta shimfiɗa masa leda mai furanni. Gwangwanayen duka ta zuba a buhu ta kai bakin bola, ta juye sukari da gishiri da ganyen shayi da shinkafa cikin sababbin robobi huɗu iri ɗaya masu farin murfi. Igiyar ta kwance, ta ce ai ba akuya ake kiwo ba. Zaren wuyan kwalabe ya yi baƙi don taɓawa, ta sa almakashi ta yanke, ta goge kwalaben ta jera su a ɗan kwando. Alluran ta zare ta ɓoye a aljihun tebur don kada su soke shi.

Tsohon yana baranda yana jin ana jan keke. Sau ɗaya ya yi magana.

"Uwata, kada ki wahalar da kanki. Bar shi haka."

Ta ɗauka kara ce irin ta iyaye, ta ce ai ba wata wahala. Da ta gama ta shigo da shi ta zaunar a gado, ɗaki yana ƙanshin sabulu, tana lissafa masa abin da ta yi cikin murna. Ya ce Allah ya yi mata albarka, ya ba ta masu yi mata. Ta ba shi abinci, ta tafi ta kama mota. Da lokacin maganin yamma ya yi, ya lalubo kwandon, ya shafa wuyan kwalaben nan uku, ya mai da su.

Ƙarfe tara na safiyar Litinin jami'in ya iso tare da Hukuma. 'Yar ta riga su zuwa, ta sa kayanta masu kyau. Jami'in mutum ne mai furfura, mai sanyin magana, da fayil a hammata, gida bakwai zai duba a ranar. Ya shigo ya yaba da tsabtar ɗakin. Hukuma kuwa ta tsaya a bakin ƙofa. Ta dubi inda keke yake a da, ta dubi ƙusar da babu igiya, ta dubi tsohon yana zaune bakin gado ya haɗa hannuwa a cinya. Ko tsokanar da ya saba tarbarta da ita bai yi ba. Ta buɗe baki za ta yi magana, jami'in ya tuna mata ƙa'ida: lokacin dubawa ma'aikaciya ba ta magana, ba ta sa hannu.

Ya juya ya ce, "Baba, a taimaka a haɗa mana shayi mu gani."

Baba Tela ya miƙe, ya kai hannun dama inda ya saba, ya dafa iska. Ya yi tangaɗi, ya tsaya. Ya yi taku biyu, ƙaurinsa ya daki tebur. 'Yar ta zabura, jami'in ya ɗaga mata hannu. Da bin bango tsohon ya kai kicin. Ya buɗe robar farko ya ɗanɗana, gishiri. Ta biyu ya ji shinkafa. Ta uku ta kuɓuce masa, sukari ya watse a ƙasa. Ashana kuwa bai same ta ba sam. Jami'in ya ce ya isa haka, a gwada banɗaki. Tsohon ya kai bakin ƙofa, ya shafa ƙusar, ya tsaya cik. Da aka tambaye shi yadda ya yi tun jiya, ya ce sau ɗaya ya je, shi ma maƙwabci ne ya riƙe masa hannu.

Saura magani. Aka miƙa masa kwandon, aka ce ya nuna na safe. Ya ɗauki kowace kwalba ya girgiza a kunne, ya ce bai sani ba. Aka tambaye shi yaushe ya sha na ƙarshe. Tsohon ba maƙaryaci ba ne, ya ce jiya da safe. Jami'in ya sa Hukuma ta auna shi. Ta auna, ta nuna masa lambar, ya rubuta. Jinin ya hau sosai.

Ya rufe fayil. Cikin ladabi ya yi bayanin cewa ba zai iya sa hannu a bar mutum shi kaɗai a wannan hali ba, domin in wani abu ya faru ba zai yafe wa kansa ba. Ya tambayi 'yar ko akwai wuri a gidanta. Ta ce akwai, murya ƙasa-ƙasa. Abin da ta daɗe tana so ne, amma ba ta taɓa ganin ubanta yana lalube kamar baƙo ba, kuma abin bai yi mata daɗi ba.

Hukuma ta ce, "Yallaɓai, an gama dubawa? To yanzu ina iya magana."

Ya ce ta yi.

"Ɗakin da ka zo dubawa ba shi ka duba ba. Ranar Juma'a na bar mutumin nan yana haɗa shayi yana zagin gwiwarsa. Kada ka ɗauki maganata. Ka tambaye shi inda kowane abu yake zama, shi zai faɗa maka."

Ba ta dubi 'yar ba, ba ta kuma ce wane ne ya yi ba. Jami'in ya tambayi tsohon. Baba Tela ya ce ɗakin ya yi kyau, bai ma taɓa yin kyau haka ba, Uwata ta yi aiki tun hantsi har la'asar. Ya ce idonsa ne ya ƙara lalacewa, tsufa ne, a rubuta yadda aka gani.

Mutumin nan babu abin da ya rage masa da yake so kamar ɗakinsa, amma ya gwammace ya rasa shi da ya kunyata 'yarsa a gaban baƙo. Iyaye da yawa haka suke, ana cutar da su da alheri suna sa albarka. 'Ya'yan da suke ganewa kafin lokaci ya ƙure ba su da yawa.

'Yar Baba Tela kam ta gane. Ta dubi keken a kusurwa cikin sabon yadinsa, ta dubi sukarin da ke ƙasa. Ta cire mayafi ta ajiye a kan gado, ta durƙusa gabansa.

"Baba, ina keken yake zama?"

"Bar shi, Uwata."

"Don Allah, Baba. Ina yake zama?"

Ya numfasa. "Taku ɗaya daga gado, hannun dama. Tayar tana kallon ƙofa."

Jami'in ya duba agogo, ya ce ƙa'idarsu ba ta ce a duba gida sau biyu a rana ɗaya ba. Hukuma ta ce ba ta kuma hana ba. Ta tuna masa akwai wata tsohuwa da zai gani a layin baya, in ya gama ya biyo ta nan, ai hanyarsa ce. Ya dube ta, ya ce shekara takwas ke nan tana kawo masa gardama, amma bai taɓa kama ta da ƙarya ba. Ya ba su awa ɗaya, ya fita.

Matan biyu suka kama keken suka ja. Tsohon yana zaune a gado yana ba da umarni, da farko a hankali kamar mai jin nauyi, daga baya murya ta dawo. Tebur jikin bango, ƙarƙashin taga. Ba nan ba, a ƙara taƙi guda. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma babu abu ɗaya da ya manta wurinsa, har tsumman goge hannu da ke rataye bayan ƙofar kicin. 'Yar ta fita bakin bola da kayanta masu kyau. Allah ya taimaka masu kwasar shara ba su zo ba. Ta tona buhun ta kwaso gwangwanaye da igiya, maƙwabta suna kallo, ba ta damu ba. Kofin ashana ya fashe, suka sa ta a wani, aka ba tsohon ya shafa shi sau biyu, ya ce ya ji.

Suna wanke gwangwanayen ne 'yar ta ce, "Yaya, me ya hana ki faɗa mini tun farko?"

"Na so in faɗa, na ga kin ɗaure fuska, na yi zuciya na bari. Wannan laifina ne. Duk mai shiga ɗakin nan ya kamata ya sani, balle ke."

'Yar ta ce ita fa ta zaci ƙyuya ce take sa ta tsaya hannu a baya. Hukuma ta yi dariya, ta ce ai yi wa mutum ya fi sauƙi, minti biyu ta haɗa shayin ta kama gabanta, tsayuwar ita ce aikin. Ta ce ita ma tana da uwa. Su bakwai suka taru a kanta suna yi mata komai don ƙauna, cikin shekara guda ta manta yadda ake ɗaura ɗankwali.

Da suka zo kan magani, Hukuma ta riƙa karanta rubutun kowace kwalba tana miƙa masa, shi kuma ya ciji zare ya ɗaura. Yatsun da suka kasa gano ashana ɗazu, da suka ji zare sai suka zama na tela. Nan take ya sha na safe. Aka fito da alluran daga aljihun tebur aka mai da su jikin tsummansu.

Bayan awa ɗaya da kwata jami'in ya dawo, ya tarar ɗaki ya koma tarkacensa. Ya zauna ya buɗe fayil. Baba Tela ya miƙe, ya dafa keke, ya yi taku uku. Ya ƙyasta ashana ya kunna risho, ya ɗora ruwa, ya tambayi baƙon cokali nawa yake sha. Ya kawo masa shayin har hannu, bayan ya koma ya tabbatar ya kashe wutar. Sannan ya kama igiya ya je banɗaki ya dawo, yana mitar an ɗaure ta ƙasa da inda take, wai wanda ya ɗaure ya ɗauka kowa gajere ne irinsa. Ma'aikaciyar ta ce hukuma ba ta karɓar ƙorafi ranar dubawa. Kwalaben ma ya shafa wuyansu ya faɗi kowace da lokacinta.

Jami'in ya sha shayin, ya yi rubutu mai tsawo. Ya ce zai sa hannu, amma ba na wata shida ba, na uku, domin jinin da ya gani da maganin da aka tsallake ba zai ɓoye su ba. Hukuma ta ce haka ne daidai. Ya kuma nemi 'yar ta riƙa kiran mahaifinta a waya kowace yamma ta ji ko ya sha na yamma. Ta ce za ta yi. Ya sa hannu, ya yi sallama, ya wuce gida na gaba.

Tsohon ya koma gado ya zauna, ya ce yau ya gaji da baƙi, kowa ya kama gabansa. 'Yar ta ce ko ta tsaya ta wanke kofunan. Ya ce yana da hannu.

Suka fito baranda, ya tura ƙofa. Hukuma ta rataya jakarta ta yi gaba da sauri, akwai wani tsoho da ke jiran ta, kuma ta makara. 'Yar ta tsaya tana gyara mayafi. Daga ciki ta ji kofi ya faɗi ƙasa ya mirgina. Ta kai hannu ta kama mariƙin ƙofar. Ta ji yana lalube yana gunaguni, shiru ya ɗan yi tsawo, sannan ta ji ruwa yana zuba a kan kofi. Ta saki ƙofar ta nufi tashar mota.